Kalmar "probably" da Nauyinta a Bakin Iyaka

Probably bayanau ce ta Ingilishi da mai magana ke amfani da ita idan zatonsa ya rinjaya cewa abu zai faru, amma bai kai ga tabbaci ba. Tushenta Latin ne, daga probare, wato gwadawa, kuma 'yar'uwar probablement ce ta Faransanci.

A Bengou da sauran garuruwan Gaya ta Nijar kalmar tana da amfani na yau da kullum. 'Yan kwaleji suna soma Ingilishi tun ajin farko, 'yan kasuwa suna hulɗa da Kamba ta Jihar Kebbi, kuma kundin da Nijar ta kafa a Maris 2025 ya sa Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci harsunan aiki.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne fassara ta da "wataƙila". Wataƙila ta fi dacewa da maybe ko perhaps, inda yiwuwa da rashinta suke kunnen doki. Probably ta fi su ƙarfi. Idan direba ya ce "The lorry will probably arrive tomorrow", nufinsa ya fi kyautata zaton motar za ta iso gobe, don haka mai kaya ya kamata ya tanadi 'yan dako. Wanda ya ɗauke ta a matsayin "ƙila" yana iya yin asarar yini. A 1964 Sherman Kent na hukumar leƙen asirin Amurka ya auna kalmar probable da kusan kashi 75 cikin 100.

Hausa tana da nata ma'auni, kuma abin takaici ne yadda ake mantawa da shi a aji. "Da alama" tana jingina da abin da ido ya gani, kamar hadari ya haɗo daga gabas. "Mai yiwuwa" ta fi sassauci. Akwai kuma lokaci na gaba na biyu, irin "mâ gani" ko "yâ zo", wanda sau da yawa shi ya fi kusa da probably.

Wajen jera jimla, tana zuwa bayan will ko is, amma tana gaban won't: "He probably won't come". Ita kaɗai ma tana isa amsa. Mai Faransanci ya kula da sans doute: a yau ma'anarta zato ne mai ƙarfi, daidai da probably, ba tabbaci ba.