Damina: Inda ƙarfin mota mai ja da taya huɗu yake ƙarewa

A kasuwannin motoci na Abuja, haruffan AWD ko 4WD da ke manne a bayan jif suna ƙara mata kuɗi, domin mai saye ya ɗauka cewa ya samu motar da babu hanyar da za ta gagare ta. Da zarar damina ta kankama a watannin Agusta da Satumba, hanyoyin ƙauyukan Kuje da Kwali da Abaji da Bwari sukan ƙaryata wannan zato, inda ake ganin manyan motoci sun kafe a taɓo, matasa na turawa.

Wannan darasi ƙasashen da ke fama da dusar ƙanƙara sun riga Najeriya koyon sa, kuma daga can ne, musamman Amurka da Kanada, ake shigo da yawancin motocin tokumbo irin waɗannan. A lardin Kwibek na Kanada doka ta wajabta sanya tayoyin hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, ba ta kuma ware mota mai ja da taya huɗu ba. A jihar Kalifoniya ta Amurka, idan dusar ta yi tsanani a hanyoyin tsaunuka, akwai matakin da ake tilasta wa kowace mota ɗaura sarƙa a tayoyinta, komai ƙirarta.

Dalilin ba shi da wuyar fahimta. Abin da tsarin yake yi shi ne raba ƙarfin inji ga tayoyi huɗu maimakon biyu, saboda haka motar takan fi saurin tashi daga tsaye, ta kuma fi iya hawa gangare mai santsi. Amma riƙon ƙasa aikin taya ne, kuma kowace taya tana taɓa hanya ne da wurin da bai wuce faɗin tafin hannu ba. Idan wannan wuri ya hau laka mai silɓi, ƙarfin inji ba zai ƙara masa komai ba.

Wajen tsayawa kuwa babu wata fifiko ko kaɗan. Kowace mota, har ƙaramar tasi, tana da birki a tayoyi huɗu. Jif ta fi nauyi, ta fi tsawo daga ƙasa, don haka ba ta fi ƙaramar mota saurin tsayawa ba, kuma ta fi ta saurin kifewa a kwana. Haɗarin yana nan ne: motar da ta tashi cikin sauƙi ba ta nuna wa direba cewa hanya na da santsi, sai ya ƙara gudu a titin filin jirgin sama ko na Kubwa ana tsuga ruwa, ba zai gane ba sai ya taka birki.

Iyaka ta biyu ita ce tazarar da ke tsakanin cikin mota da ƙasa. A yawancin ƙananan jif na cikin gari, irin su Toyota RAV4 da Honda CR-V, tazarar ba ta wuce kimanin santimita 20 ba. A dusar ƙanƙara mai zurfi motar takan tara dusar a ƙarƙashinta har ta zauna a kai, tayoyi su rataye suna juyawa a banza. Haka take faruwa a hanyar jar ƙasa da tifofin yashi suka haƙe: tayoyi su faɗa ramukan sawu, cikin motar ya zauna a kan tudun tsakiya. Direban da ya ci gaba da taka totur a wannan hali rami yake ƙara haƙa wa kansa, tare da dumama na'urar da ke tura ƙarfi zuwa baya, wadda a wasu motocin takan kashe kanta idan ta yi zafi.

Akwai kuma bambancin da dillalai ba su cika bayyanawa ba. Tsarin AWD na motoci irin su Highlander da Lexus RX yawanci da tayoyin gaba yake tafiya, sai sun fara zamewa kwamfutar motar ta aika wani kaso na ƙarfi baya. An ƙera shi ne domin kwalta mai jiƙe. Hilux da Land Cruiser kuwa suna da ƙaramar giya ta musamman, wadda direbobi ke kira oksilari, mai ba mota damar rarrafawa a hankali da ƙarfi mai yawa. Ko ita ma tana da lagonta: idan tayar gaba ɗaya da ta baya ɗaya suka rasa riƙo a lokaci guda, ƙarfin yakan tsere ta wajensu, sai dai in motar na da makullin da ke tilasta wa tayoyin juyawa tare. Wani abin lura shi ne, da yawa daga cikin jif ɗin da ke yawo a Abuja da tayoyin gaba kawai suke ja, ko da yake a ido ba a bambance su.

Inda kuskuren yake cin rai shi ne ruwa. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka ta daɗe tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da ya kai santimita 30 yana iya tafiya da yawancin ƙananan motoci, mai santimita 60 kuma yana ɗaukar jif da a-kori-kura. Mota rufaffen akwati ce mai iska a ciki. Da ruwa ya ɗaga ta, tayoyi sun rabu da ƙasa, ba sauran amfanin ko guda nawa ne ke ja. Tun kafin a kai nan ma, idan ruwa ya shiga ta mashaƙar iskar inji, fistin ba ya iya matse shi kamar yadda yake matse iska, sai ƙarafan ciki su lanƙwashe, injin ya mutu a tsakiyar kwari. Sake tayar da shi a nan ƙara ɓarna ne.

Mazauna Lokogoma da Lugbe sun san yadda ƙaramin rafi ke cika cikin mintuna. A watan Agustan 2019 ambaliya ta tafi da wani babban jami'in gwamnati a kusa da shataletalen Galadimawa bayan motarsa ta maƙale a ruwa, kuma hukumar ba da agajin gaggawa ta Babban Birnin Tarayya takan toshe ƙaramar hanyar da ke wurin idan damina ta yi nisa.

Abin da ke hannun mai mota tun kafin ya fita shi ne taya. Zanen da ya sauka ƙasa da milimita 1.6 ba ya iya korar ruwa daga ƙarƙashinsa, kuma lambobi huɗu da ke gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta. 2319, alal misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sha jan kunne a kan tsofaffin tayoyin da ake shigowa da su, waɗanda wasunsu na hunturu ne, robarsu mai laushi ce, tana saurin cinyewa a zafin kwaltar Najeriya. A mota mai AWD ana so tayoyin huɗu su zama girma ɗaya, cinyewarsu ta yi kusa da juna, domin bambancinsu yana wahalar da na'urar raba ƙarfi har ta lalace.