Fakara a Gefen Fadamar Haɗejiya

Masu zuwa kallon tsuntsaye a dajin Baturiya, cikin ƙaramar hukumar Kirikasamma, baƙi suke nema: agwagin ruwa da sauran tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai lokacin sanyi. Albarkacinsu dajin ya shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008. Fakara kuwa, 'yar gida, sai mafarauci da manomi ne suka san da zamanta.

Iri biyu ake gani a wannan shiyya. Ɗaya namijinta na da ƙaya biyu a kowace ƙafa. Ɗayar mai jan fata ce kewaye da ido, wadda masana suka laƙaba wa sunan Hugh Clapperton, Baturen da ya ratsa Katagum zuwa Kano a 1824 ya kuma rasu a Sakkwato a 1827.

Fakara ba ta son tashi sama. In ta ji motsi sai ta lafe, ko ta sunkuyar da kai ta zura cikin ciyawa da gudu. Sai an kusa taka ta take tashi fir, ta sauka nan kusa. Da asuba namijin kan hau suri ya yi ta ƙaraji. Abincinta tsabar ciyawa, da gero da dawar da suka zube bayan girbi, da gara.

Rauninta yana wajen ƙwai. Ba ta sheƙa a bishiya. Ɗan gurbi take tonawa a gindin ciyawa ta zuba ƙwai kamar shida. 'Ya'yan suna ƙyanƙyashewa suke bin uwa kamar 'yan tsaki, amma kafin nan gurbin yana bukatar busasshiyar ƙasa mai rufin ciyawa, wato ɗan zirin nan tsakanin inda ambaliya ta tsaya da inda gona ta fara.

Wannan zirin ne ke ƙanƙancewa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan kogin Haɗejiya ya daina bin tsohon lokacinsa. Ciyawar kacala ta toshe magudanai, ruwa ya kwanta inda a da yake janyewa, manoma suka matsa tudu suna sheme sabbin gonaki. Ana yawan ɗora laifin a kan masu tarko da karnuka, amma a ganina ɓarnarsu ba ta kai ta wutar daji ba: mafarauci kan kama biyu ko uku, wuta ɗaya da kaka kuwa tana lashe duk gurbin da ke zirin, har da maɓoyar da uwayen za su koma.