Ziyarar 'Yan Makaranta: Cinikin Wuni Ɗaya a Garin Badagary

Kaɗan ne daga cikin garuruwan gaɓar tekun Nijeriya ke samun baƙi 'yan makaranta kamar Badagary, wanda ke yammacin Jihar Legas, daf da kan iyakar Seme da Jamhuriyar Benin. A ranakun karatu, musamman idan zango ya doshi ƙarshe, manyan motoci kan sauke ɗalibai da malamansu a bakin ruwan garin, kuma da zuwansu ne masu ƙananan sana'o'i da dama ke sa ran abin cefane.

Tarihi ne hajar garin. Badagary tsohuwar tasha ce da jiragen ruwan Turawa suka riƙa ɗibar bayi zuwa ƙasashen Amurka, kafin Ingila ta haɗe ta da mulkin Legas a 1863. Ofishin Di'o na zamanin Turawa shi ne aka mayar gidan tarihin garin a 2002. Ba nisa da shi akwai benen da 'yan mishan suka kammala a 1845, wanda ake kira benen farko a Nijeriya, sai gidan iyalan Mobee inda aka adana sarƙoƙi da marin bayi, da kuma ɗakunan tsare bayi na Seriki Williams Abass. Daga nan akan ƙetara ruwa cikin kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu, a taka da ƙafa har bakin teku, wurin da bayi ke yin sallama da ƙasarsu.

Ɗalibin Arewa ma yana da nasa rabon a wannan tarihi, domin daga Badagary ne Baturen nan Kilafaton ya kama hanya a watan Disamba na 1825 don ganin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, tafiyar da ta ƙare da mutuwarsa kusa da Sakkwato a 1827.

Abin tambaya ga ɗan kasuwa shi ne, ina kuɗin ke tsayawa? Makaranta kan karɓi kuɗin tafiya daga hannun iyaye, kaso mafi tsoka kuwa na mai mota ne, wanda galibi ba ɗan garin ba ne. Abinci ma sau da yawa daga gida ake tahowa da shi. Abin da ya rage wa Badagary shi ne kuɗin shiga gidajen tarihi, waɗanda wasunsu mallakar iyalai ne, ba na gwamnati ba, da ladan masu yi wa baƙi jagora, da kuɗin fito, da ɗan cinikin kwakwa da man kwakwa, waɗanda garin ya yi suna a kansu. Ciniki ne na kai da kai: kowane yaro kaɗan yake kashewa, yawan kawuna ne ke tara riba.

Babban abin da ke rage wannan riba shi ne hanya. Tun 2009 aka fara aikin faɗaɗa titin Legas zuwa Badagary, aikin da ya ci shekaru masu yawa, ga cunkoson motoci a wajejen Okokomaiko da Agbara, ga shingayen bincike irin na hanyar kan iyaka. Motar da ta makara a hanya takan iso rana ta take, kuma malamin da ya yi wa iyaye alkawarin mayar da yara kafin magariba dole ya yanke wani abu daga jerin ziyara. Gberefu aka fi yankewa, saboda shi ke cin lokaci. Asarar kenan ga masu kwalekwale, waɗanda suka sa jari a inji da mai da rigunan kariya daga nutsewa.

Haka nan kasuwar ba ta ci duk shekara. Ruwan sama na watannin Yuni da Yuli kan sa makarantu su guji fito da yara, dogon hutu kuma ya biyo baya.

Masu masaukin baƙi su ne suka fi kowa rashi, tunda makarantun Legas da Ogun zuwa suke su koma a wuni guda. Makarantar da ta taso daga Ilori ko Abuja ko Kaduna kuwa ba ta da makawa sai ta kwana, ta ci abincin dare da na safe a garin. Irin wannan ayari yana bukatar ɗakunan kwana masu araha na mutum da yawa, maza daban mata daban, da mai dafa abincin da zai ciyar da mota guda cur a lokaci ɗaya.