Kiwon Hawainiya: Cinta, Shanta da Lafiyarta

A ƙasar Hausa idan aka ga hawainiya a kan darni ko reshen dalbejiya, yara su yi ta jifa, manya su kauce, wasu ma su rantse tana da dafi. Ba ta da dafi ko kaɗan. A Turai da Amurka kuwa kuɗi ake sawa a saye ta, a gina mata keji a cikin ɗaki, a yi ta hidima da ita. Akwai nau'in hawainiya sama da 200 a duniya, wajen rabinsu a tsibirin Madagaska, amma waɗanda aka fi kiwo su ne mai tsoro a ka ta ƙasar Yaman da kudancin Saudiyya, da mai launuka masu haske ta Madagaska, da mai ƙaho uku ta Kenya da Tanzaniya. Irin tamu ta Yammacin Afirka ma ana kwasarta daga Togo da Benin da Gana zuwa waje, kuma cinikinta yana ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji. Yanzu da matasanmu ke ganin masu kiwonta a TikTok, sha'awar ta fara shigowa, kuma da yawa ba su san dabba ce mai wuyar sha'ani ba.

Abincinta ƙwari ne masu rai. Idanunta biyu kowanne juyawarsa yake yi daban, sai ta hango abu yana motsi ta tattara su a kansa, ta harba harshe wanda tsawonsa kan kai ninki biyu na jikinta, ta fizgo shi. Don haka soyayyar fara mai yaji ta bakin kasuwa ba ta da amfani a wurinta. Gyare, fara, kyankyasai na kiwo, tsutsar siliki da ƙudaje su ne cimarta, kuma a riƙa sauya mata, kada a dage a kan abu ɗaya. Ƙwaron kada ya wuce faɗin tsakanin idanunta. Ƙarama mai tasowa kullum take ci, babba kuwa ƙwari uku zuwa biyar bayan kwana bibbiyu sun wadatar, domin ƙiba cuta ce a gare ta.

Sai dai ƙwaro shi kaɗai bai isa abinci ba, kuma a nan yawancin masu kiwo ke faɗuwa. Gyaren da ya kwana biyu a kwali ba ci, fanko ne. Abin da ke cikin ƙwaron shi ke gina hawainiya, saboda haka kwana ɗaya ko biyu kafin a miƙa mata shi, a ƙosar da shi da ganyen zogale, karas, kabewa da dankalin Hausa. Bayan haka, jikin ƙwari ya fi yawan sinadarin fosfaras a kan kalsiyam, alhali ƙashinta kalsiyam yake nema, kusan ninki biyu na fosfaras. Dabarar ita ce a zuba ƙwarin a leda ko gwangwani, a barbaɗa garin kalsiyam kaɗan, a girgiza su yi fari-fari, sannan a ba ta. Garin bitamin kuma kamar sau biyu a wata ya isa. Wanda ya cika hannu da bitamin A ko D3 zai jawo mata wata cutar.

Mai kamo ƙwari a daji ya yi hattara. Farar gonar da aka yi wa feshi guba ce. Haka farar nan mai zane-zanen launi da wari da ke cin ganyen rogo, da ƙwaron da ke walƙiya da dare. Ɗakin da take ciki kuma ba a fesa maganin sauro ko piya-piya.

Kalsiyam ɗin ma ba zai shiga ƙashi ba sai da bitamin D3, jikinta kuwa ba ya yin sa sai hasken UVB na rana ya taɓa fatarta. Gilashin taga yana tare wannan haske, don haka ajiye keji a bayan gilashi aikin banza ne. Turawa fitila ta musamman suke saya, su sauya ta bayan wata shida zuwa shekara, domin ƙarfinta na raguwa ko da tana ci. Mu Allah ya hore mana rana, sai dai tamu ta yi yawa. Hawainiyar Yaman tana son wurin shan hantsi mai zafin digiri 29 zuwa 32, sauran kejin ya fi haka sanyi, da dare kuma ya ƙara sauka. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi zafin bazara kan haura digiri 40, kuma hawainiyar da aka manta a rana tsaka ba inuwa ba za ta kai la'asar ba. Hantsin safe ya wadatar, rabin kejin a inuwa. Wadda ta rasa kalsiyam da haske, ƙafafunta sukan lanƙwashe, muƙamuƙinta ya yi laushi, harshen ya daina kaiwa ga ƙwaro, ta riƙa suɓucewa daga reshe. Ana iya tsayar da ciwon, amma ƙashin da ya karkace ba ya miƙewa.

Batun ruwa ya fi ba sabon mai kiwo mamaki. Za ka aje mata kwano cike, ta mutu da ƙishirwa a gefensa, domin a daji raɓa da ɗigon ruwan sama take lasa a kan ganye. A fesa wa ganyen kejin ruwa safe da yamma na 'yan mintuna, ko a huda gindin gora da allura a ɗora a sama ta riƙa ɗiga. Lokacin hunturu a ƙara yawan feshin. Kashinta ma yana ba da labari: akwai wani ɓangare fari da ke fita tare da shi, idan ya koma ruwan lemo, idanu kuma suka zurma, ruwa ya yi ƙaranci, kuma ƙoda ce za ta biya.

Keji ya zama na raga mai shan iska, dogo, kamar santimita 60 a faɗi da 120 a tsayi, cike da rassa da ganye. Hawainiya ɗaya tak a ciki. Ba ta son 'yar'uwarta, ba ta son a riƙa ɗaukarta ana shafawa. Rikiɗar da take yi ba ta ɓuya kaɗai ba ce, yanayinta take nunawa, kuma wadda ta wuni da duhun launi a takure take ko tana jin sanyi. Tamata kan yi ƙwai ko babu namiji, ta Yaman ma gommai a lokaci guda. Idan ba a tanadar mata bokitin yashi mai danshi da za ta tona ba, sai ta riƙe su a ciki har su halaka ta.

Hawainiya na ɓoye ciwo har sai ya ci ƙarfinta. Lafiyayya ba ta barci da rana. Da ka ga ido a rufe da hantsi, ko kumburin ido, ko baki buɗe da majina, ko ta sauko ƙasan keji ta kwanta alhali ba ƙwai za ta yi ba, nemi likitan dabbobi a ranar, kamar na asibitocin koyarwa na jami'o'in Zariya da Sakkwato. Kada a gwada mata maganin kaji. A kuma wanke hannu da sabulu bayan taɓa ta ko kejinta, saboda ƙwayar salmonela, musamman a gidan da ke da ƙananan yara.

Namijin hawainiyar Yaman da aka haifa a keji yakan yi shekara shida zuwa takwas idan ya samu kulawa. Wadda aka kamo a daji kuwa takan zo da tsutsar ciki da firgici, kuma da yawa ba sa daɗewa. Iyaye, idan yaro ya shigo da ita a kwali da damina, ku bar shi ya kalle ta ya more, sannan ku raka shi ya mayar da ita kan bishiyar da ya ɗauko ta.