FASHIN BAƘI: Yadda ake gane kaktus ɗin da aka sato daga hamadar Chile

A watan Fabrairun 2020, jami'an tsaron Italiya suka yi dirar mikiya a wani gida a garin Senigallia, inda suka tarar da tsirrai masu ƙaya fiye da 1,000 da aka tono daga hamadar Atacama ta ƙasar Chile. An ƙiyasta kuɗinsu ya haura dala miliyan ɗaya. A Afrilun 2021 aka mayar da 844 daga cikinsu ƙasarsu ta asali.

Da yawa daga cikinsu nau'in kaktus ne da ake kira Copiapoa, sunan da ya samo asali daga garin Copiapó. Tsiro ne ƙarami mai siffar ƙwallo, jikinsa da tudu-tudu a jere daga sama zuwa ƙasa kamar na kabewa, ƙayoyin kuma suna fitowa ne daga wasu 'yan ɗigo masu gashi a kan tudun. Waɗannan ɗigo su ne shaidar kaktus na gaskiya. Tinya da ƙerana da aka sani a ƙasar Hausa sun yi kama da shi, amma ba danginsa ba ne: su farin ruwa mai guba suke zubarwa idan an yanke su.

Ruwan sama ba ya zuwa Atacama sai jefi-jefi, don haka Copiapoa ya dogara ne da hazon da ke tasowa daga teku. Girmansa na da matuƙar jinkiri. Wanda bai wuce dunƙulen hannu ba yana iya kai shekaru gommai. Wannan jinkirin ne ya buɗe ƙofar sata, domin mai kuɗin da ke son babban tsiro a falonsa ba ya son jira.

Sai dai jikin tsiron yana tona asiri. Wanda aka rena daga iri a tukunya, cikin ƙasa mai tsakuwa da ba ta riƙe ruwa, yakan fi kore, sumul, ba tabo. Na daji kuwa yakan zo da farin kakin da ke kare shi daga rana, launinsa toka-toka, gindinsa ya yi kaushi, saiwarsa sau da yawa a guntule. Abin takaicin shi ne waɗannan alamomin wahala su ne ke ƙara masa tsada a kasuwannin intanet.

Doka dai tana nan. Yarjejeniyar CITES, wadda Najeriya ma ta sa wa hannu, ta wajabta takardar izini kafin a tsallaka iyaka da irin wannan tsiro. Amma ma'aikacin kwastan da ke buɗe ƙunshin gidan waya ba lalle ne ya iya bambance na daji da na lambu ba. A 2024, ƙungiyar IUCN ta ce kashi 82 cikin 100 na nau'o'in Copiapoa na fuskantar barazanar ƙarewa, alhali a 2013 kashi 55 ne.