Kafin ka sayi kyamarar ɗaukar hoton iyali, kada lambar jikin kwali ta ruɗe ka

Ƙananan kyamarorin nan da ake sawa a aljihu sun dawo yayi a 'yan shekarun nan, kuma 'yan kasuwa sun farga. Leƙa shagunan intanet ka gani: kyamara sabuwa fil a kwali, an rangaɗa mata 48MP ko 64MP da 4K da manyan baƙaƙe, sunan kamfanin ba ka taɓa jinsa ba, kuɗin kuwa kamar kyauta. Magidancin da ke neman abin ɗaukar hoton suna ko na yara ranar Sallah, irin wannan ce ke fara shiga masa ido, alhali ita ya kamata ya fara gudu.

Megafiksel, wato MP ɗin nan, ƙidayar ɗigogin da suka haɗu suka zama hoto ce, ba ma'aunin kyansa ba. Hoto mai inci 4 da 6, wanda aka saba wankewa a situdiyo, megafiksel biyu da 'yan kai sun ishe shi ya fito tas. Mai girman takardar A4 bai kai ga buƙatar tara ba. Ke nan kyamara mai 10 zuwa 16 ta wadatar da kowane gida. Abin da ke ba hoto kyau shi ne ingancin gilashin gaba da girman sensa, wato ɗan farantin da ke karɓar haske a ciki. Yawancin marasa sunan nan ƙaramar sensa ce mai arha a cikinsu, sai manhaja ta kumbura hoton har ya kai lambar da aka rubuta. Tsarma kunu da ruwa ne kawai: kwano ya cika, garɗi ya tafi. A tsakar gida da rana za ka ce ba laifi. Shiga ɗakin mai jego da magariba, fuskoki su dagule, yaron da ya motsa kaɗan ya zama inuwa.

Haka batun janyo abu na nesa. Akwai zum na gilashi, wanda za ka ga hancin kyamarar yana fitowa yana komawa, akwai kuma na dijital, wanda yanko tsakiyar hoton kawai yake yi ya faɗaɗa. Na farkon ake biya wa kuɗi. Ninki 3 zuwa 5 ya isa hidimar gida. Mai son ɗauko mahaya daga nesa ranar hawan Sallah ya nemi 10 ko fiye.

To ina ta kirki mai sauƙin kuɗi? Galibi ta hannu ce. Alƙaluman CIPA, ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, sun nuna an fitar da kyamarori sama da miliyan 120 a 2010, amma a 2023 ba su kai miliyan 8 ba. Wayar hannu ce ta cinye kasuwar, manyan kamfanoni suka rage ƙera ƙananan, Casio ma ya daina gaba ɗaya a 2018. Saboda haka Canon IXUS ko PowerShot, Nikon Coolpix, Sony Cyber-shot da Panasonic Lumix da za ka tarar da arha, yawancinsu sun haura shekara goma. A ganina tsohuwarsu mai lafiya ta fi sabuwar da ba ta da asali. Kuma gaskiya ɗaya ce: in wayarka mai kyau ce, ba mamaki ta fi su duka a wuri mai ƙarancin haske. Inda kyamara ta sha gabanta shi ne zum na gilashi, da filasha mai ƙarfi, da kuma cewa za ka iya miƙa wa ƙaninka ya yi ta ɗauka a wurin biki ba tare da ka ba shi sirrinka ba.

Kada ka biya sai ka gwada da hannunka. Kunna ka kashe sau da yawa, ka saurari fitar gilashin. In yana gurnani ko yana maƙalewa, ajiye ta, domin gyaran wannan kan kusa kuɗin kyamarar, ga ƙurar hunturu tana jiranta. Ɗauki hoton farin bango ka duba ko akwai tabo ko layi. Ɗauki mutum a can cikin shago inda haske bai kai ba, da filasha da kuma babu. Buɗe gidan batir: in batirin ya kumbura ko ka ga farin gari ko tsatsa, matsala ce. Tambayi caja, ka kuma tabbatar ana samun irin batirin a kasuwa. Masu cin batir AA suna da daɗin sha'ani inda wuta ba ta zama, muddin za ka sayi masu caji.

Memori ma yana ba mutane ciwon kai. Tsofaffin Sony da dama Memory Stick suke ci, wasu Olympus da Fujifilm kuma xD, duka biyun sun yi wuyar samu yanzu. Nemi mai cin SD. Ko a nan a kula: wasu tsofaffi sosai ba sa karanta katin da ya wuce 2GB, masu SDHC kuma iyakarsu 32GB. Katin jabu ya yi yawa, yana nuna girman da ba shi da shi, sai an gama taro a nemi hotuna a rasa. In kyamarar mai SDHC ce, sayi 16GB ko 32GB a wurin wanda ka amince da shi, ka riƙa kwashe hotunan zuwa kwamfuta ko waya bayan kowace hidima.

Sannan hoton iyali amana ne, balle na matan gida a cikin kwalliyar biki. Goge hoto daga kati ba ya nufin ya tafi, akwai manhajojin da ke dawo da shi. Duk ranar da za ka kai kyamarar gyara, ko ka ba da aronta, ko ka sayar, cire memorinka tukuna, ka kuma duba ko akwai hotunan da suka sauka a ma'ajiyar cikin kyamarar kanta.