Yadda Ɗalibai Ke Duba Zanen Juna

A ajin zanen da nake koyarwa a Damari, ranar da ta fi wuya ita ce wadda kowa zai liƙa takardarsa a bango, 'yan ajinsu su duba. Ko dai kunya ta sa a ce "ya yi kyau" a wuce, ko kuma a kwashe da dariya.

Shi ya sa na kafa ƙa'ida: ka fara da abin da idonka ya gani, ka yaba abin da ya yi daidai, sannan ka kawo gyara ɗaya tak. In yaro ya zana rumbu, kada ka ce bai iya ba. Nuna masa cewa ya sa inuwa a ɓangaren da rana take. Wannan gyara ne da zai iya aiki da shi.

Irin wannan tattaunawa tsakanin ɗalibai ba sabon abu ba ce. A 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Tattaunawar da suka riƙa yi a tsakaninsu ta taimaka wajen haɗa dabarun Turai da fasahar gargajiya, har suka yi suna a duniya.